Shekara Goma Sha Ɗaya Bayan Bube Mai Walda, Kocin 'Yan Ɓuntu

A wannan watan yayana, Malam Bube Mai Walda, ya cika shekara goma sha ɗaya da komawa ga Mahaliccinsa. Duk mai son ƙwallo da ya taso tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo ya san shi, ko da Koci kawai ya ji ana kiran sa. Ni ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na tsare masa raga kaka tara, saboda haka na san shi ta fuska biyu. A gida mutum ne mai sauƙi, a fili kuwa ba sani ba sabo.

Samarin da ke sa rigar ƙungiyar Farin Tsaba a yau, da yawansu ba su san daga inda ta fito ba. Daga dandamalin shanya ta fito. Lokacin da aka kafa kamfanin gyaran shinkafa na Farin Tsaba a bakin fadamar Wurno, Yaya Bube ne mai walda a garejin kamfanin, ni kuma ina cikin masu ɗinke bakin buhu. Da jiniya ta kaɗa an tashi aiki, sai mu share dandamalin da ake shanya shinkafa, mu jera buhu biyu nan, biyu can, a matsayin raga. Ba takalmi, siminti yana cin fatar ƙafa, amma ba mai fashi. Yaya ya taɓa buga ƙwallo sa'ad da yake koyon walda a Kudu, don haka shi ne ya fara ce mana wannan gudun famfalaƙi da muke yi ba wasa ba ne.

Shi ya tunkari manajan farko, wani dattijo mai son mutane, ya roƙi ƙwallo biyu da riguna. Manaja ya yarda, da sharaɗin a rubuta sunan kamfani a ƙirji. Wasanmu na farko a waje a Rabah ne. Daga wurin aiki muka wuce, ƙaiƙayin shinkafa bai gama fita daga gashinmu ba, sai 'yan kallo suka ɗauki ihu: "Ga 'yan ɓuntu nan!" Muka zura musu biyu, muka dawo gida da sunan. Har gobe ba wanda ke kiran mu Farin Tsaba sai takarda.

Da tsofaffin bututun ruwa Yaya ya haɗa mana turakun raga, muka cike wani kwari bayan kamfani da ƙasa, ya zama fili. Daga gasar ƙaramar hukuma muka hau ta jiha, daga can muka shiga ƙaramin rukunin gasar ƙasa. Kamfani ya ga sunansa yana shiga rediyo, sai ya saya mana bas, ya yanka wa 'yan wasa albashi na ƙwallo zalla. Mu 'ya'yan manoma sai ga mu ana ce mana ƙwararru.

A nan muka fara saɓawa da shi. Ya kafa doka cewa kowane ɗan wasa, komai gwanintarsa, sai ya yi safiya uku a mako a gareji ko wurin inji, ya koyi aikin hannu. Na same shi yana ɗaure wani ƙarfe, na ce, "Yaya, mi ag gamin mai tsaron raga da walda? Sauran ƙungiyoyi hutawa sukai da safe." Bai ko ɗaga gilashin fuskarsa ba ya ce, "Gwiwa ba ta da alkawali, Umaru. Rad da za ta aje aiki ba ta yi maka sallama." Na yi wata guda ba na cin abinci gidansa. Kaka huɗu bayan haka gwiwata ta hagu ta goce a wani wasa a Goronyo, ban sake tsayawa a raga yadda na saba ba. Yau da gyaran injin ban-ruwa nake ci da iyalina. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Amma abin da na fi so masu karatu su sani shi ne shekarar da aka so a raba mu da ƙungiyar. Manajan farko ya yi ritaya, aka kawo wani sabo, matashi mai ilimi da zafin nama. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya duba ya ga talla ta fi tasiri a birni, sai ya yanke shawarar a mayar da ƙungiyar Sakkwato, a sayo 'yan wasa daga nesa, a sallami mafi yawanmu. A ganinsa, ƙwallo a Wurno kamar kunna fitila ne cikin rumbu. Ya tara mu ya sanar da mu. Yaya Bube ne kaɗai ya buɗe baki, shi ma bai yi gardama ba. Ya ce a bari sai bayan wasanmu na gida mai zuwa, mako biyu ke nan, kuma yana roƙon manaja ya zo ya kalla da idonsa.

Cikin makonnin nan biyu babur ɗin Yaya bai huta ba. Ya je Giyawa, ya je Maikujera, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo ɗaya bayan ɗaya, duk inda ake noma shinkafar da kamfani ke saye. Na raka shi sau biyu. Ba ya roƙon kowa. Zai zauna a gindin bishiya bayan azahar, ya gaya wa dattawa abin da ake shiryawa, ya ambaci sunan ɗansu ko jikansu da ke cikin ƙungiyar, ya faɗi ranar wasa, ya tashi.

Ranar kuwa gani ya kori ji. Tun hantsi babura ke shigowa, mutum uku-uku, ga masu jakuna, ga amalanken shanu cike da tsofaffin da ba su taɓa kallon ƙwallo ba. Fili ya cika, aka hau katanga, aka hau tsibin ɓuntu da ke bayan raga har ya zama kamar tudun mutane. Zan so in ce mun yi nasara, amma kunnen doki aka tashi, ɗaya da ɗaya, kuma ƙwallon da aka ci mu ta tsakanin hannuwana ta sulale, don lokacin gwiwar tawa ba ta goce ba tukuna. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka busa usur ɗin tashi, wani dattijon manomi daga Giyawa, Baba Mamman, ya dogara sandarsa har gaban kujerar manaja. Ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, mun jiya za ku kai ƙwallon ga birni. Ba mu hana ba, abinku na. Sai dai shinkafa tamu ta, kuma ta san hanyar wata kasuwa." Manaja ya dubi tsohon, ya dubi jama'ar da ke bayansa, ya gane cewa mutanen da ya ɗauka 'yan kallo ne kawai, su ne ke cika masa sito. Maganar ƙaura ba a sake tayar da ita ba.

Sai dai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarshen kaka aka sauke Yaya daga koci, aka kawo wani daga waje tare da wasu baƙin 'yan wasa, aka ce Yaya ya koma garejinsa. Mu muka harzuƙa, muka ce ba za mu buga ba. Ya tara mu ya ce wanda duk ya ƙi fita fili saboda shi, to ba shi ba shi. Daga nan kowace ranar wasa yana bayan raga a tsaye, da rigar aikinsa mai ƙonar wuta, kamar kowane ɗan kallo. Bayan wasu shekaru kamfanin ya durƙushe, injuna suka yi shiru, baƙin 'yan wasa da kocinsu suka watse, ƙungiya ta gangaro har gasar ƙaramar hukuma. Yaya ne ya sake ɗaukar ta, ba albashi ba bas, a bayan motar albasa ake zuwa wasa. A haka ciwon ajali ya same shi. Bai ga ranar da sababbin masu kamfani suka tayar da injuna, suka sake karɓar ƙungiyar ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai yi murna da ciyawar da ke filin, kore shar ko da rani, da ruwan rijiyar burtsatse. Zai so yadda koci ke nuna wa 'yan wasa bidiyon abokan karawa a waya, don shi da ƙafa yake zuwa leƙen asiri. Amma zai ɗaure fuska in ya ga samari sun cika gidan kallo saboda ƙungiyoyin Turai, suna cacar ƙwallo a waya, alhali ana wasa a bayan gidansu. Zai kori dillalan da ke yi wa 'yan wasa romon baka da zancen ƙetare. Kuma zai yi baƙin cikin yadda rashin tsaro ya sa manoman wasu ƙauyuka ba sa iya zuwa kallo kamar da. Ban yi zaton zai zauna yana kuka ba. Na san shi, hanya zai nema.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Yana da faɗa, in ya ƙi abu ya ƙi ke nan, kuma 'ya'yansa sun sha yin sallah ba ya gida. Bai taɓa ɗaga wani babban kofi ba, ba kuma allon da ke ɗauke da sunansa a filin. In da kofi ake auna mutum, da ma'auninsa bai yi nauyi ba. Ni dai abin da na gani shi ne ranar jana'izarsa. Sahu ya fita daga ƙofar gida har bakin titi, kuma rabin mutanen ban san su ba. Wani direba ya ce mini Koci ne ya kore shi daga ƙungiya saboda shaye-shaye, ya kuma bi shi har gida wata shida sai da ya daina. Wani ya ce shi ko ƙwallo bai iya ba, amma Koci bai taɓa ce masa ya bar zuwa atisaye ba. Ashe kowa da nasa Buben, mu na gida kaɗan muka sani.

Allah ya haskaka makwancinka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka. Mutanen da ka tara ba su watse ba.