Kuɓewa Mai Jan Ƙyalle

Maigidana ya rasu ana saura 'yan makonni soja su miƙa mulki ga farar hula. Duk unguwarmu ta Madabo kowa ya kasa kunne a rediyo, ni kuwa ina takaba, daga ni sai kuɓewar da ya shuka a gefen rijiya.

Mun sha faɗa a kan kuɓewar nan. Gajera ce mai kauri, irin da mahaifiyarsa ta bar masa, shekara da shekaru yana juya shi. Tun da bazara yake shukawa. A gindinta yake alwala don kada ruwan ya tafi a banza, ya kafa mata tsohuwar tabarma saboda rana. Nakan ce, "Malam, mutum da rumfarsa a kasuwa, ka zauna kana lallashin ganye?" Sai ya yi dariya. Ban taɓa tsugunawa na tambaye shi komai a kanta ba.

Da 'yan zaman makoki suka watse, gidan ya yi mini faɗi. Ba mu haihu ba. Sai na rungumi kuɓewar don in sami abin yi: in tsinka da safe, in yayyanka, in shanya a tsakar gida, in zauna ina korar kajin maƙwabta. Wasu 'ya'yan na gan su ɗaure da jan ƙyalle, na ce shirmen Malam ne. Ganin sun fara tauri, na yi maza na yanke su, na haɗa a shanya. Ko ɗaya ban bari ba. Na dake ta, duk ranin nan da ita na yi miya, ina ci ni kaɗai, wani lokaci da kuka.

Da ruwan farko ya sauka na kafce wurin, na ɗauko gwangwanin da yake ajiye iri. Ba komai a ciki sai ragowar jan ƙyallen. Ina tsaye riƙe da shi yayar Malam ta yi sallama.

Ta leƙa ta ce, "Ai waɗanda ya ɗaure su ne irin, a jiki ake barinsu su bushe. Ɗebo mana, ni ma ki sam mini irin Inna. Ina kika ajiye?"

Na dubi ƙasar da na kafce. Na ce, "Yaya, na cinye."