Takardar da ke Aljihun Ƙofar Direba

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini tsohuwar a-kori-kura wadda ya yi shekaru yana ɗauko citta da ita daga Godogodo zuwa Kafanchan. Bayan rasuwarsa ta daɗe a ƙofar gida, tayoyinta duk sun sace. Shekarar da autana ya gama sakandare, sai ya roƙi in ba shi ita. Shi da abokansa sun kamu da kallon motocin samarin Amurka a waya, irin waɗanda ake saukewa har su kusa shafar ƙasa, a zana musu harshen wuta a jiki. Na ce ya ɗauka.

Sai bayan mako uku na leƙa. Aikin a gidan abokinsa suke yi, ɗan wata malamar firamare, a gindin mangwaro. Sun fesa mata shuɗin fenti, sun sauke ta ƙasa-ƙasa, sun yanke mata salansa, tana ruri kamar injin niƙa. Ina cikin dariya idona ya kai kan ƙofar direba. Sun ɓalle cikinta, sun dasa ƙatuwar sifika a inda aljihu yake.

A aljihun nan mahaifina yake ajiye wata takarda da ya rubuta da ajami. Ita kaɗai ce rubutun hannunsa da ya rage mini. Na bar ta inda ya bar ta, ranar ba da motar kuma na manta.

"Ina takardar da ke nan?"

Autana ya sosa ƙeya. "Baba, tarkacen duk mun ƙone jiya."

Na zauna a kan wata taya ina salati.

Abokin ya fito daga ƙarƙashin motar, duk baƙin mai. "Wane takarda, Baba? Mai Larabci? Yana wurin Mamana. Wannan mumu ya kusa jefa shi a wuta."

"Kai ne mumu! Me ya hana ka faɗa mini?"

Malama ta fito tana goge hannu. "Sannu da zuwa, Malam. A kan faranti yaron nan ya kawo mini, wai shi ba ya da alwala. Na ce maganan Allah ne, ba a wasa da shi."

Ta shiga ɗaki ta sauko da ita daga saman kwaba, inda take ajiye Littafi Mai Tsarki, naɗe cikin ɗankwalinta na zumuntar mata. Na warware ɗankwalin. Ko kusurwa ba ta yage ba.

"Karanta mana, Malam, mu ma mu sami albarka."

Samarin suka cire huluna. Na gyara murya na karanta:

"A duba ruwa kafin tudun Godogodo. Kada a wuce buhu ashirin. Birki yana so a taka shi sau biyu."

Malama ce ta fara fashewa da dariya. "Ashe Hausa ne!"

Ɗanta kuwa ya riƙe kai. "Sau biyu? Shi ya sa muka shiga katangan Mama!"

Sun so su kai ni gida, amma cikin motar ya maƙale a kwalbatin ƙofar gidan. Na bar su suna turawa suna zagin juna, na taka a ƙafa, takardar tana aljihun ƙirjina, ina ta hamdala.