Kukan Injin Motar Baba

A shekarun da kayan gyara suka yi tsada, injin motar akori-kurar mahaifina ya buga. Idonsa ya riga ya tafi, amma ina so ya sake hawanta, ko kasuwar Zakirai ce mu je. Ni da bakanike muka yi ta tsince-tsince, fistan daga matacciyar tasi, kafireta daga wata mota daban. Ranar da ta tashi na fito da shi ƙofar gida. Ya daɗe yana saurare.

"Motar wa ka aro?"

"Taka ce, Baba."

"Tawa ba haka take kuka ba. Mayar da ni ciki."

Har ya rasu bai hau ta ba. Da ma na bar masa abarsa a mace.