Ranar da Baba Bai Ɗanɗana Magani Ba

Baba da harshensa yake auna maganin feshi. In ya zuba magani a bokiti ya ƙara ruwa, sai ya tsoma yatsa, ya taɓa a harshe, ya tofar. In ya ji raɗaɗi, to ya yi. In bai ji ba, ya ƙara. Haka tsofaffin masu lambu suke yi a bakin babbar kwata ta unguwar Alajo a Ankara, inda suke noman kabeji da latas. Ni 'yarsa ce, ni nake sayar masa da kabejin a kasuwar Mamobi, kuma na yi faɗa kan wannan ɗanɗane har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. Kin ga na mutu?"

Ya daɗe kam. Farkon zuwansa Ankara da tsintsiya yake feshi, ya tsoma a bokiti ya yayyafa wa ganye. Daga baya aka koma gwangwanin ban-ruwa mai huje-huje a baki. Sai famfon goyo ya shigo, wanda ake ɗaurawa a baya ana buga shi da hannun hagu, kuma in bakin famfon ya toshe Baba da bakinsa yake hura shi. A shekarar da nake ba da labari tsutsa ta cinye masa rabin kabeji, sai ya aro inji mai shan fetur irin na gonar koko. Wannan ba yayyafi yake yi ba, hazo yake tayarwa.

Ga shi ana azumi, mai azumi kuwa ba zai kai magani baki ba. Da ya rasa ma'auninsa sai ya yi ta zubawa da ido, yana tsoron kada maganin ya yi sanyi tsutsa ta yi masa dariya.

Na isa lambun bayan la'asar da kwandona. Tun daga nesa wari ya doke ni. Injin na kwance tsakiyar kabeji yana ta kuka shi kaɗai, Baba kuma yana zaune a kan kunya, rigarsa sharkaf, yawu na zuba ta gemunsa. Iska ce ta juya ta mayar masa da hazon duka a fuska.

"Baba! Me ya same ka?"

"Rana ce," in ji shi. Naman kumatunsa na motsi da kansa.

Maƙwabcinsa na lambu, wani dattijo ɗan ƙabilar Moshi, ya kashe injin, ya rugo da kwalbar manja. A wurinsu shi ke nan maganin guba. "Aboki, buɗe baki, sha kaɗan."

Baba ya datse haƙora. "An kira salla?"

"Ba a kira ba."

"To a bari."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, Allah bai ce ka kashe kanka ba! Mara lafiya an yafe masa, kai ka koya mini!" Ya ce shi ba mara lafiya ba ne, tun yana yaro bai taɓa karya azumi ba, ba kuwa zai fara saboda kabeji ba. Asibiti ma ya ce sai an sha ruwa, don ya san suna zuwa za su ɗura masa wani abu. Kai, tsoho da taurin kai sai Allah!

Ban ƙara jan magana ba. Na tuɓe masa rigar, na kwara masa ruwan tulun alwala, muka kama shi ni da dattijon kamar buhun masara muka fito titi. Yana ta cewa mu sake shi, amma muryar ta fara shigewa, ƙirjinsa na kurkur.

Taksi biyu suka wuce mu da suka ga yana amai. Na uku na tsaya masa a gaba, na ce sai dai ya bi ta kaina. Muka shiga, sai ga cunkoso tun daga Kotobabi. Kowa na sauri gida shan ruwa, motocin haya na trotro sun cushe hanya, masu koko da ƙosai sun fito bakin titi. Direba na danna ham, ni ina riƙe da kan Baba a cinyata ina share masa kumfa da mayafina. Na ɗaga fatar idonsa, ƙwayar ta tsuke ta zama ɗigo.

Muna nan tsaye aka kira magariba. Na miƙa hannu ta taga na fizgi ruwan leda a kan wata mai talla, na fasa da haƙori. "Baba, an kira! Sha!" Ruwan ya bi gefen bakinsa ya jiƙa mini zane.

Na buɗe ƙofa na fita ina ihu da Hausa da yaren Tuwi, har samarin bakin titi suka zo suka buɗe mana hanya da hannu.

A asibiti nas ta tambaye ni abin da muka ba shi. Na ce komai ya ƙi sha, har manja. Ta ce gara da ya ƙi, da ya shaƙe shi. Suka shige da shi da gudu suka bar ni riƙe da takalminsa ƙafa ɗaya.

Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, roba a hanci, roba a hannu. Ranar da ya buɗe ido ina gefensa, hantsi ya ɗaga. Ya daɗe yana motsa baki, na kai kunne.

"An sha ruwa?"

Na ce, "Baba, an sha. Har an yi sallar idi."

Ya dubi robar da ke hannunsa, ya juya fuska bango. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.