Kwanukan Hajiya

Bayan rasuwar Hajiya, matata, autarmu ta shigo falo da igiyar awo. Firji take son saye, kuma wurin da ta zaɓa masa shi ne inda kabad ɗin kwanukan uwarta yake. Kwanukan fenti ne 'yan China, masu jajayen furanni da tsuntsaye masu doguwar wutsiya. Hajiya ta tara su ɗaya bayan ɗaya tun tana sayar da koko a bakin titi a unguwar Nima, kuma ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Jere ne, na kallo.

"Baba, wannan ƙauyanci ne. Ran Asabar zan kira masu sayen tsohon ƙarfe."

Na yi wa'azi, na yi tari, na ce jinina ya hau. Ta auna ni, ta ce lafiyata lau. Ni da na tsaya a aji huɗu, ina zan iya da nas?

Ran Juma'a sai ta zo da wata baturiya 'yar Amurka da suke aiki tare, wai tana son ɗanɗana tuwo. Baiwar Allah tana ganin kabad ta manta da tuwon. Ta ciro waya ta nuna mana butar shayin kakarta: azurfa zalla, ƙirar Amurka, amma an zana mata kifaye da zalɓe da ganyen gora irin na Japan. Na sa aka tambaye ta ko kakar ta taɓa zuwa Japan. Ta ce ko teku ba ta taɓa gani ba.

Na ce, "To ai makarantarsu ɗaya da Hajiya. Ita ma Kumasi ce iyakarta."

Baturiya ta durƙusa tana ta ɗaukar hoto, har ta tambaya ko za a sayar mata da ɗaya.

Auta ta zabura. "Haba! Kayan mamana ne fa."

Na ɗaga kai na dubi silin. Abin da na yi ta faɗa da Hausa ke nan, sai da ya biyo ta Amurka aka ji. Ban damu ba. Allah ya saka wa baturiyar nan da alheri, ita da kakarta.

Ran Asabar na tarar da auta zaune a ƙasa da soso, tana wanke su.

"Baba, wanne Mama ta fara saya?"

Na nuna mata ƙaramin, mai ɓantararren baki. Na jawo kujera na ba ta labarinsa, har da ƙari.