Babban Yatsan Malam Baibai

Kowace safiya, kafin masu shaguna su buɗe, Malam Baibai yakan isa ɗan ɗakin aikinsa da ke bayan layin kafintoci. Yakan share ɓarɓashin katakon jiya, ya wasa wuƙaƙensa huɗu a kan dutse, sannan ya dama tawada a kan wani tsohon gilashin taga har ta yi danƙon da yake so. Ya zana hoto a jikin katako, ya sassaƙe duk inda yake son ya fito fari, ya shafa tawada, ya shimfiɗa takarda, ya yi ta murza bayanta da ludayi. Idan ya ɗaga takardar a hankali, sai ga hoto. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana wannan aiki.

Abin da yake hannun dama a jikin katako, a hagu yake fitowa a takarda, saboda haka komai a juye yake sassaƙa shi. Daga nan kafintoci suka raɗa masa Malam Baibai, suna yi masa tsiya wai ko rigarsa ba ya sa ta daidai. Shi kuwa sai ya ce musu, "Ku da kuke yin komai daidai, ina kujerar da ba ta rawa?"

Shekara ashirin da shida da suka wuce, ina shirin buɗe gidan abincina, ya shigo neman ruwan zafi. Ya dubi bangon da na sha wahalar shafe shi da farin fenti, ya ce, "Maigida, wannan bango naka kamar kan mai sanƙo." Bayan wata guda ya kawo mini hotuna tara. Ban taɓa ganin irinsu ba. Ba da katako kaɗai yake bugawa ba: akwai wanda ya yi da tsohuwar robar taya, akwai na ragar kifi, akwai wanda launinsa daga tsatsar kwanon rufi ya samo shi. Tashar mota ce, da teburin mai ɗinki, da wata tsohuwa tana shanya.

A nan ne na yi masa laifin farko. Firam-firam ɗin da kafinta ya haɗa don saka hotunan sun yi wa takardun kaɗan, ga shi safiyar buɗewa ce. A ƙasan kowace takarda na ga tabon babban yatsa da jar tawada, na ɗauka dauɗa ce ta hannun ma'aikaci. Na sa almakashi na datse su duka tara, har ina jin na yi masa gyara. Ban san ba ya rubuta suna a aikinsa ba, wannan yatsa shi ne sa hannunsa. Da ya zo, ya bi bangon da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Aski ka yi musu." Ya juya ya tafi. Matata ce ta fahimtar da ni daga baya, ta ce in je in ba shi haƙuri. Na ce gobe. Ta rasu ban je ba.

Laifi na biyu ya fi muni, domin da sanina na yi shi. Manyan baƙi suka fara tambayar inda na samo hotunan, ni kuwa na ji kunyar in ce daga bayan layin kafintoci. Na ce daga waje aka kawo mini. Na faɗa sau ɗaya, sai bakina ya saba. Akwai ranar da na faɗa yana zaune a tebur na uku yana kurɓar shayi. Ko kai bai ɗaga ba.

Duk da haka bai daina kawowa ba, sai da suka kai ashirin da uku. Da tsohon kukunmu ya rasu, Malam ya roƙi rigar aikinsa, ya shafa mata tawada ya buga ta a takarda, kowane zare ya fito. Muka rataya ta kusa da ƙofar kicin. Ma'aikatanmu shaidu ne, ranar da matar marigayin ta gani, ta ɗora tafinta a kan gilashin ta ce, "Wannan facin ni na yi shi." Ta daɗe a tsaye, babu wanda ya iya ce mata ta zauna.

Kai ne, Malam, ka sa mutane suke ajiye cokali su ɗaga kai. Kai ne ka adana mana tsohuwar tashar da aka rushe, da fuskokin da yanzu sai a bangona ake ganinsu. Mai aiki a juye, gaskiya ta fito daidai.

A bana na miƙa wa 'yata ragamar gidan. Ta kira masu fenti, ta ce a sauke hotunan. "Baba, ai kai ka ce na waje ne, irin waɗanda inji ke bugawa dubu-dubu. A zubar, a sa madubai." Nan na ga ƙaryata za ta kai aikin mutumin nan bola. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, har da almakashin. Ta ɗauki makullin mota ta ce, "Tashi mu je."

Muka same shi yana ɗaure katakansa da igiya. Hannu ya fara rawa, ido ya yi rauni, ƙarshen wata zai rufe ɗakin. Na fara jawabin da na shekara ashirin da shida ina shiryawa. Ya saurare ni har na gama, sai ya fashe da dariya, ya juya ga 'yata.

"'Yata, hoton nan na masu jiran mota da na kawo daga baya, kin taɓa kallon ranar da ke samansu da kyau?"

"Ja ce, Baba, zagayayya."

"Ki koma ki matsa kusa. Da murfin butar da ke hoton mai shayi, da facin rigar kuku. Tun daga askin nan na daina sa yatsana a gefe. Na san almakashin babanki ba ya shiga tsakiya."

Muka koma muka duba. Hotuna sha huɗun da ya kawo bayan askin duka yatsansa na ciki, da zanensa layi-layi, a inda na yi shekaru ina wucewa ban gani ba. Saura taran da na datse. Washegari da hantsi ya zo da jar tawadarsa a cikin gwangwani, 'yata tana riƙe masa gwiwar hannu, ya dangwala yatsa a jikin bango a ƙarƙashin kowannensu. Ta ce wa masu fenti duk wanda burushinsa ya taɓa wurin nan, ya nemi wani aikin.

Na gode, Malam Baibai, da hotunan, da kuma haƙurin da ban cancanta ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sanya albarka a hutunka. Masu sana'a su koyi naka: su saka kansu a cikin aikin sosai yadda ba wanda zai iya yanke su. Mu kuma da muke ado da aikin wasu, mu faɗi mai shi tun yana jin mu. Duk wanda ya shigo ya tambaye ni yanzu, nakan tashi in kai shi gaban bangon, in nuna masa yatsan, in ce daga bayan layin kafintoci ne.