Gishirin Ciyayya

A shekarun da bama-bamai suke tashi a Kano, aikin da na samu shi ne bin gidaje ina auna jinin mutane. Wasu likitoci ne suke bincike a kan abinci da hawan jini a cikin birni, suka ɗauke mu 'yan unguwa, don a lokacin babu mai buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa. Aka ba ni na'urar awo da takardar tambayoyi, aka ce in riƙe Yakasai, inda aka haife ni.

Babana yana cikin waɗanda nake aunawa, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Yayansa ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba har ya rasu. Duk sanda na ɗaura wa Baba na'urar, abin da nake hangowa ke nan. Yana shan magani, Inna ta janye gishiri da dunƙule daga tukunya har ƙannena suna cewa miyarmu ruwan wanke hannu ce, amma jinin nan ko gezau. A takardata na rubuta cewa abincinsa ba gishiri. Babbar likitar ta duba, ta ce akwai mutanen da rage gishiri ba ya yi musu aiki sosai. A cikin a-daidaita-sahu na yi kukana kafin in iso gida.

Sai aka kai wani mummunan hari, aka sa dokar hana fita tun kafin magariba. Kowa ya ce yanzu ne jinin dattawa zai hau, ga ƙarar bindiga, ga kasuwa ba ciniki. Bayan 'yan makonni na auna Baba, na ga ya sauka. Na zaci na'urar ce ta lalace, na gwada ta a hannun Inna, ƙalau take. Da aka sassauta dokar, ba a daɗe ba ya koma inda yake.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Ran nan ina soro bayan magariba, aka fito da kwanon Baba aka kai ƙofar gida, yadda ake yi tun kafin a haife ni. Magidanta bakwai ne a lungunmu, kowa a kawo tuwon gidansa, su baje tabarma su yi ciyayya, a cinye wannan kwano a jawo na gaba. Na tsaya ina leƙe. Namu aka buɗe a ƙarshe, kowa ya yi loma ɗaya don kara, aka rufe. Ashe duk wahalar da Inna take sha, Baba miyar gida shida yake ci, doka ce kawai ta tsare shi a kan tamu. Takardarmu abin da ake dafawa a gidan mutum take tambaya, ni kuma da na girma ina raɓa tabarmar nan kullum, na cika ta ban ce uffan ba. Haushin kaina ya kama ni sosai.

Inna ta ce kada ma in fara gaya masa ya daina fita. Wanda ya janye kwanonsa daga ciyayya, cewa za a yi ko gaba yake da maƙwabta ko babu ta kama shi. Ni ma na san haka. Sai na bar maza, na shiga wurin mata.

Gida biyar ba su ba ni wahala ba, don wasu ma mazajensu suna cikin masu hawan jinin. Wata Bafulatana ta ce ita dai a bar mata man shanunta, na ce mu fara da gishirin tukuna. Muka shirya za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, yadda harshe ba zai farga ba.

Gida na shida ne matsalar. Hajiya, matar malamin lungunmu, 'yar asalin Barno ce, kuma kwanonta ake fara buɗewa kullum, ta kuwa san da haka. Ta saurare ni tana taunar goro har na gama.

"Ke 'yar nan," ta ce, "ni na yanke miki cibiya. Yau ke za ki koya mini miya?"

Na ce, "Hajiya, ba miya na zo koya miki ba, ubana na zo roƙo. Ba na so a kwantar da shi yadda aka kwantar da yayansa."

Ita ce dai ta riƙa dama wa marigayin kunu yana kwance. Sai ta ce ta ji, amma duk ranar da maza suka kushe miyarta, ni za ta tura musu in yi bayani. Ba ta taɓa tura ni ba.

Kafin azumi ya kama, jinin Baba ya sauka ya zauna, haka na maƙwabtanmu biyu. Na kwashi takarduna na kai wa likitar, na ba ta labarin tun daga farko. Ta sa aka ƙara tambaya a takardar: a ina kake cin abinci, kuma da su wa? Aka mayar da ma'aikata duk unguwanni su sake tambaya. Ranar nan a ƙafa na dawo, ina ratsa shingen sojoji ina gaishe su da fara'a kamar 'yan uwana.

Da yamma na ɗaura wa Baba na'urar, na gaya masa duk abin da muka ƙulla da matan lungu. Na zaci faɗa zai yi. Ya kalli hannunsa, sannan ya ce, "Da cewa kika yi in bar zama da mutanen nan, da ciwon zan zaɓa. Allah ya yi miki albarka, ke kin san ubanki."

Na naɗe na'urar ina sunkuyar da kai, don kada ya ga idona.